Na kai tayoyin babur ɗina balansi, ga yadda aikin yake

Masu mota sun saba da balansi, wato daidaita nauyin taya ta kowane ɓangare da 'yan gutsattsarin dalma don kada ta riƙa rawa. Suna sayen sabuwar taya za su wuce wurin mai na'ura a juya musu ita. Mu masu babur kuwa, mai faci ne zai cusa taya, ya ba ta iska, ya ƙwanƙwasa ta da sifana ya ji ƙara, shi ke nan sai ka hau. A zirga-zirgar cikin gari hakan ya wadatar. Idan kana hawa babban titi ne magana take canzawa.

Babur ɗina Boxer ne mai sifok, wili inci 17, kuma ina yawan bin hanyar Kano zuwa Wudil da shi. Bayan na sauya tayar gaba, cikin gari lafiya lau, amma da zarar na haura gudun kilomita 70 sai kan babur ya kama karkarwa, madubi ya daina nuna komai, tafin hannuna ya riƙa mutuwa. Wani abokin aiki ne ya kwatanta min bakaniken da ke gyara wa masu manyan babura, ya ce shi yana da abin gwajin.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai doshi balansin kai tsaye ba. Ya ɗage gaban babur, ya kama taya da hannu biyu ya girgiza ta gefe da gefe don ya ji ko boris ya ci. Sannan ya juya ta, ya kafa alli daf da bakin rim yana kallo. Allin yana taɓa wani wuri, yana barin wani.

"Malam, ka ga nan? Rim ɗinka ya ɗan karkace," in ji shi. "Ko buhun dalma na manna masa ba zai daina rawa ba. Sifok za mu fara ɗaurewa."

"To Oga, ba balansin ba ne matsalar ke nan?"

"Duk biyun ne. Amma wannan ne gaba."

Ya ɗauki lokaci a kan sifok ɗin, ya ɗaure wannan kaɗan, ya sassauta na ɗaya gefen, ya sake juyawa, har allin ya zana layi ɗaya bai yanke ba. Daga nan ya nuna min wani ɗigon fenti ruwan ɗorawa a gefen tayar. Kamfanoni da yawa suna sa shi ne a wurin da tayar ta fi rashin nauyi, don a daidaita shi da bawul, inda wili yakan fi nauyi. Nawa yana can nesa da bawul, wanda ya sa min tayar bai ma kalle shi ba. Ya sace iska, ya murza tayar har ɗigon ya zo saitin bawul, ya sake hurawa yana duba siririn layin da ke zagaye da bakin taya ko ya fito daidai ta kowane ɓangare.

Abin gwajin kansa ba wata na'ura mai lantarki ba ce. Ƙarafa biyu ne a tsaye, da sanda a kwance kan ƙananan boris. Ana zura wili a sandar a sake shi. Ɓangaren da ya fi nauyi shi zai gangaro ƙasa da kansa, sai a sa alama a sama, a manna dalma a can, a sake gwadawa. Idan ka tsayar da wili ta kowace fuska ya tsaya cak bai motsa ba, aiki ya yi. Nawa giram 15 ya ci, wato gutsure uku na giram biyar-biyar.

Mutum zai raina giram 15, ni ma da na riƙe su a tafin hannu dariya ta kama ni. Amma a gudun kilomita 80, taya irin tawa tana juyawa kusan sau 12 a daƙiƙa ɗaya, kuma wannan ɗan nauyin yana fizgar wili da ƙarfin da ya kai na kilo 2, sama da ƙasa, a kowane juyi. Ƙarfin kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: ka ninka gudu sau biyu, shi ya ninku sau huɗu. Shi ya sa a gudun 40 ba ka jin komai.

A titi bambancin ya fito fili. Kan babur ya natsu, ina ganin motar da ke bayana a madubi, hannu ya huta. Girgizar inji tana nan, don wannan halin babur mai silinda ɗaya ne, balansi bai shafe ta ba. Tayar baya ma an yi mata, amma gaskiya ban ji wani sauyi ba, sarƙa da nauyin zama sun shanye komai. Da zan sake, gaba kaɗai zan biya.

Inda na ga gazawar bakaniken da yaransa shi ne kayan aiki. Ba su da dalmar da ake maƙalawa a jikin sifok, sai ta manne, alhali rim ɗin babur irin nawa siriri ne, ba shi da shimfiɗaɗɗen wurin da gam zai kama sosai. Yaran wankin babur suna sakar mata ruwa mai ƙarfi sai gutsure ɗaya ya yi tsalle. Na koma, bai karɓi ko sisi ba, ya naɗe wayar dalma a gindin sifok irin yadda tsofaffin makanikai ke yi, ita kuwa tana nan daram. Jira ma akwai shi, don idan mai babban babur ya shigo, kai mai Boxer sai ka nemi benci. Ya kuma tallata min wasu ƙananan duwatsu da ake zubawa cikin taya ta bawul, wai su daidaita ta da kansu a kan tafiya. Na ce a bar ni da abin da idona ya gani a kan sanda.

Kuɗin aikin duka bai kai na cika tanki ba. Wanda ke kai yara makaranta ya dawo, ko yake dakon kaya a lunguna, ya adana kuɗinsa, ya dai sa a duba masa sifok da boris da iska. Mai bin dogon titi ne aikin zai yi wa rana. Kuma duk sanda aka cire tayar don faci, a sa mata alamar alli a saitin bawul kafin a zare ta, in ba haka ba za a mayar da ita a wani gurbin, dalmar da aka biya ta koma ita ce ke kawo rawar.