Hattara da mai tallar irin tafarnuwa "ɗan kwana 45"

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu lambun bayan ɗaki. Na daɗe ina jin nauyin wannan maganar, don ba mai son a san an yi masa wayo. Amma jiya na ga tallar ta dawo da sabon suna, hotunan kuwa su ne dai na da, shi ya sa na ce gara in sha kunya da a ci kuɗin wata.

Wani mutum ne ke tallar "ingantaccen irin tafarnuwa ɗan waje" a Facebook, in kin yi magana ya jefa ki wani zaure na WhatsApp. Hotunan tafarnuwa ce fara sol, kowane kai ya cika tafin hannu. Ya ce tana nuna a kwana 45, ana shuka ta kowane lokaci, rani da damina, a buhu ko a bokiti, kuma in ta yi shi da kansa zai saye amfanin. Wannan na ƙarshen ne ya kama ni. A watan Afrilu na tura masa naira 18,000 kuɗin kilo biyu, da 3,000 kuɗin mota. Kaya kuwa sun iso tasha cikin leda mai tambari, har da takardar bayanin shuka. Ashe da gangan yake aiko da kayan, don wanda aka kawo wa kaya ba ya kawo zargi a ransa.

Na cika buhu goma sha biyu da ƙasa da taki, na shuka. Cikin mako guda suka tsiro, kore shar, na ɗauki hoto na tura zaure ana ta sa albarka. Daga mako na huɗu ganye ya fara ɗorawa daga baki, ya yi laushi, ya kwanta. Na yi masa magana, ya ce "cutar saiwa ce, Hajiya, akwai maganinta, kwalba 6,500." Na saya. Ruwa ne shuɗi mai warin taki, ina kyautata zaton takin zamani ne aka jiƙa aka sa masa kala. Bayan mako biyu ya ce sai an ƙara ta biyu. A nan ne na ce a'a, na tambayi kuɗina a cikin zaure. Kafin la'asar an cire ni, lambata kuma ya toshe ta.

Da ruwan Yuni ya sauka na zazzage buhunan. Fiye da rabi sun ruɓe, wari kamar me. Sauran kuwa ɗan dunƙule ɗaya ne kowanne, bai wuce girman goriba da aka cinye ba, ko rabuwa ƙwaya-ƙwaya bai yi ba.

Kawuna ne ya warware mini zancen. Mutumin Wurno ne, a jihar Sakkwato, inda tafarnuwa da albasa suke abin noman rani tun kaka da kakanni, shi ma a fadama ya tsufa. Ya zo Kano duba mahaifiyarmu, na nuna masa ragowar da ban shuka ba. Ya juya kan tafarnuwar ya ga gindinta a aske tas, ba ko silin saiwa, ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, wanga ba iri ba na. Ta miya ta." Wato tafarnuwar Sin ce, wadda ake shigowa da ita a raga ko a kwali, irin da ke jibge a kasuwar 'Yankaba. Ya sayo ta ya sauya mata leda, ya ninka kuɗi.

Ba wai ta Sin ɗin ba ta da kyau ba ne, ai su ke noma mafi yawan tafarnuwar duniya. Amma ta ƙasar sanyi ce. Can ana shuka ta kafin sanyi ya shiga, ta kwana a ƙasa duk tsawon sanyin, sai wajen Mayu ko Yuni a cire, kusan wata takwas ke nan. Sanyin da kuma tsawon yinin da ke biyo bayansa su ke sa ta yi kai. Ta baro can ta sha zama a ɗakin sanyi da jirgin ruwa, shi ya sa da ta ji danshi take tsirowa da sauri, har ki ɗauka abin arziki ne. Ni kuma na kawo ta na dasa a tsakiyar zafin bazara. Kawu ya ce ko tamu ta gida na shuka a Afrilu haka za ta yi mini.

Tafarnuwa a ƙasarmu 'yar hunturu ce. Daga Nuwamba zuwa farkon Disamba ake sa ta, ta yi wajen wata huɗu, a cire kafin zafi ya kankama. Babu tafarnuwar da ke yin kai a kwana 45, a nan ko a wani wuri. Abin da za ki samu a kwana 45 ganye ne. Kuma ɗorawar ganye ba lalle cuta ba ce: yawan ban ruwa a buhun da ba a huda gindinsa ba yana kawo ta, ƙarancin taki yana kawo ta, haka ƙananan ƙwarin nan da ke ɓuya a tsakanin ganye suna tsotse shi, waɗanda ke damun albasa. In kuma ta kai wata uku da rabi, alamar nuna ce, sai a ɗauke mata ruwa. Wanda ya ce miki ya gane cutar daga hoto ɗaya kuma maganin yana hannunsa, kwalbarsa yake son sayarwa.

Akwai wata baiwar Allah da muka haɗu a zauren, ita nata ya fi nawa ciwo. Ƙwayoyi baƙaƙe ƙanana ya aiko mata a 'yar takarda, wai "asalin irin" ke nan. Da suka fito sai ga albasa. Tafarnuwar da muke nomawa ba a shuka ta da irin fure, ƙwayar da ke cikin kan ita ce iri. A ɓare, a zaɓi manya masu tauri, a bar musu ɓawonsu, a sa tsinin sama, zurfin gaɓar yatsa biyu, tazarar faɗin yatsu huɗu zuwa biyar.

Na kai ƙara banki, suka ce sai da takardar 'yan sanda. Sunan da ke kan asusun ma na mace ne, ba nasa ba, kuma a lokacin na gani na share, don ya ce na matarsa ne. Waɗanda ke turo hoton "girbi" a zauren suna godiya, yanzu da na koma na duba abin da na adana a waya, buhu ɗaya ne da bango ɗaya a hoton mutum uku.

A sabuwar tallar ya mayar da kwanakin 60, ya ƙara da cewa sai an biya 2,000 kuɗin rajista kafin a shiga zaure. In kin riga kin tura, ki adana shaidar biya da hirarku kafin ya goge, kar kuma ki sayi kwalbar. In kayan sun iso, ki kai su madafa, miya suna yi. Ni dai Kawu ya ce zai aiko mini da ta Wurno mudu ɗaya in sanyi ya shigo, ƙanana masu yaji, buhunan ma na wanke su na huda musu gindi.