Danƙon rufi a fentin ɓad-da-kama na ƙaramar tanka: inda yake aiki da inda ba ya yi

Na gwada baƙin danƙon rufi, wato danƙon da ake mannawa don rufe inda ba a son fenti ya taɓa, irin wanda ake sayarwa a gwangwani mai giram 80, a kan ƙaramin samfurin Hetzer, motar sulken Jamus ta Yaƙin Duniya na Biyu, na kamfanin Tamiya, mai ma'aunin 1/35, wato wadda aka rage girmanta sau 35. Kamfanoni irin su AK Interactive da Ammo duk suna yin irinsa, kuma halinsu kusan ɗaya ne. A ganina wajen zana iyaka tsakanin launi da launi babu kamarsa, amma wanda ya ce da shi kaɗai zai rufe tanka gaba ɗaya zai sha wahala.

Kafin a buɗe gwangwani sai a san irin bakin da ake nema. Daga Fabrairun 1943 Jamus ta koma fitar da motocin sulke da rawaya mai duhu, mai lambar launi RAL 7028, a ba sojoji kore da ja mai ruwan makuba a gwangwani, su tsinka da fetur ko ruwa su shafa a filin daga. Shi ya sa da yawa daga fentin wancan lokaci bakinsa a baje yake, kamar hayaƙi. Daga Agustan 1944 aka mayar da aikin masana'anta, sai aka riƙa ganin baki mai kaifi, kuma Hetzer, wadda kamfanin BMM ya ƙera a birnin Farag da kamfanin Škoda a Filsen, tana cikin masu irin wannan. To, irin wannan baki ne ake sayen danƙo dominsa. Milimita ɗaya na fentin da ya baje a jikin ƙaramar tanka daidai yake da santimita uku da rabi a jikin ta gaske, don haka kuskuren da ido ke rainawa a tebur babba ne.

Fentin da na yi amfani da shi na Tamiya ne: XF-60 rawaya, XF-61 kore, XF-64 ruwan makuba, an tsinka da tina X-20A, kashi ɗaya na fenti da kashi ɗaya zuwa ɗaya da rabi na tina. Bindigar feshi mai allura milimita 0.3, matsin iska tsakanin psi 15 da 18. A fara wanke robar da ruwan sabulu, a sa fentin shimfiɗa, a bar shi kwana guda. Wanda ya tsallake wannan, duk abin da ya manna zai iya tashi da fenti, kuma laifin ba na danƙo ba ne. Sannan rawaya a ko'ina, a sake barin ta kwana. Mai haske ne farko, mai duhu daga baya, domin rawaya ba ta rufe kore sai an yi ta maimaita feshi, kaurin fenti kuwa shi ke kawo tudu a baki.

A gutsiri danƙon, a murza shi a tafin hannu ya zama kamar taliya, kaurin milimita uku zuwa huɗu. A bi layin zanen da shi, a danna da tsinken sakace mai jiƙa, ba da yatsa ba, don yatsa na barin maiƙo. Abin da ya bambanta shi da Blu Tack, danƙon manna takarda a bango, shi ne da kansa yake kwanciya. Cikin minti biyar zuwa goma zai zauna a kan layin walda da kawunan kusoshi, ya toshe 'yan ramukan da fenti ke bi ya shiga ƙasa. A gaban Hetzer, inda murfin bindiga ya yi ƙozo, salatif ba ya kwanciya ko an yanka shi sau nawa, amma danƙon ya bi shi lafiya lau. Ba ya barin tabo a fenti maras sheƙi, kuma ana cire shi a dunƙule a mayar gwangwani, har da fentin da ya bushe a kansa, a sake amfani da shi.

Kwanciyar nan kuma ita ce matsalarsa, kuma halin duk danƙo irin wannan ne: ba ya daina tafiya. A faranti mai gangara, Hetzer kuwa kusan duk jikinta gangara ne, idan aka bar shi rabin awa layin zai sauko da milimita ɗaya ko biyu, ya yi faɗi. A ɗaki mai zafi, irin na watan Afrilu a wajenmu, abin ya fi sauri sosai. Maganin shi ne a raba aikin: a rufe gefe ɗaya, a kwantar da tankar yadda gefen zai kalli sama, a fesa, a cire, sannan a juya. Sanya gwangwanin a firji na minti goma kafin aiki yana ƙara masa tauri na ɗan lokaci. Kada a rufe da dare da niyyar feshi da safe.

Kada kuma a cika tsakiyar wurin da ake rufewa da shi. Nauyinsa ne ke tura bakin waje. A yi iyaka da danƙo, a rufe ciki da guntayen salatif ɗin Tamiya mai rawaya, na milimita 10 ko 18, bayan an manna shi a bayan hannu sau biyu don a rage masa kamu. Takarda ma ta isa.

Kaifin baki ya dogara da yadda aka riƙe bindiga. Idan aka fesa kai tsaye, bindiga a tsaye bisa farantin, daga nisan santimita takwas zuwa goma, za a sami baki mai kaifi da ɗan laushi kaɗan. Idan aka karkata daga bayan danƙon zuwa fili, cikinsa zai yi inuwa, bakin ya baje. Idan aka karkata ana tura fenti ƙarƙashinsa, fentin zai taru ya yi tudu. Abin lura shi ne a tsaya a kusurwa ɗaya daga farko har ƙarshe, in ba haka ba faci ɗaya zai fito da baki iri biyu. Shafe uku marasa kauri, a fara da ƙura-ƙura da ke bushewa nan take, sun fi shafe ɗaya mai jiƙa. In tudu ya fito duk da haka, a bari ya bushe sarai a goge da sanfefa mai lamba 2000 da ruwa, a hankali.

Inda ya fi ɓata rai shi ne ragar injin da siraran kayan tagulla. Yana nutsewa cikin raga, in an zo cirewa ya tsinke a ciki, ko ya taho da ƙaramin hannun ƙofa. A rufe raga da salatif tukuna, shebur da gatari da igiyar jan tanka kuwa a bar su sai an gama fenti. Abin da ya maƙale ana ɗauko shi da wani dunƙulen danƙon, a dinga dangwalawa, ba da reza ba.

Ga layi miƙaƙƙe ba shi da amfani ko kaɗan. Zanen murabba'ai na tankokin Chieftain na Birtaniya a Balin, na 1982, aikin salatif ne da rula da sabuwar reza. Lanƙwasa mai tsawo kuwa farin salatif na lanƙwasa mai milimita 2 ko 3 ya fi tsabta. Ruwan roba da ake shafawa da buroshi na bar shi ga gilashin fitila kawai, domin wanda ke da amoniya yana iya cin fentin akirilik idan ya daɗe, kuma yana kashe buroshi. Ɗige-ɗigen da ke kan wasu Hetzer ma ba sa buƙatar rufi, ƙaramin buroshi ya wadatar.

Gwangwani ɗaya zai yi tankoki da dama tun da ba ya ƙarewa, muddin ana rufe shi daga ƙura da gashin tsumma. Mai yin zanen launi uku na NATO a kan tankar Leopard 2, da fentin XF-67 da XF-68 da XF-69, shi zai fi cin moriyarsa, don jikin tankar cike yake da ƙananan tudu. Wanda tanka ɗaya zai yi a shekara, Blu Tack ya ishe shi, sai dai ya fara gwada shi a ƙasan tankar ya ga ko zai bar maiƙo.