An saka min ƙarfe a gadon baya: ƙafafu sun samu, ƙugu yana nan

Duk wanda ya zo dubiya sai ya tambaye ni ko aikin ya yi. Amsar ta danganta da inda ka nuna a jikina.

Ciwon nawa shi ne ramin da jijiyoyin baya ke bi ya tsuke, tsakanin ƙasusuwa biyu na ƙasan gadon baya da likitoci ke kira L4 da L5, kamar yadda hoton MRI da na yi a Sakkwato ya nuna. Daga gidana a Birnin Kebbi zuwa masallacin unguwa ba wani nisa, amma kafin in kai cinyoyi sun ɗauki zafi, sharaɓa ta mutu. In na zauna ko na sunkuya sai ya lafa. Har tsiya ake min a gida: mutum ba ya iya tsayuwar raka'a ɗaya, amma ya hau keke har fadama. Likita ya ce haka cutar take, sunkuyawa na buɗa ramin, miƙewa na matse jijiyoyin.

Magani, gashin ƙashi, allurar baya, duk na yi. Babbar tiyatar da ake fafe ƙashi a ɗaure da kusoshi ita nake gudu, shi ya sa da babban ɗana ya samo wannan aikin saka ƙarfe a Indiya ban yi gardama ba. Ɗan ƙarfen titaniyam ne, bai wuce gaɓar yatsa ba. Ana yanka kaɗan a tsakiyar baya, a zura shi tsakanin tsinin ƙasusuwan biyu, ya tokare su don kada su matse idan ka miƙe. Wurin kawai aka kashe, aka ba ni abin da ya sa ni gyangyaɗi. Ko awa ba a yi ba, kuma a ranar na taka.

Abin da ya girgiza ni a filin jirgin Delhi ya faru. Layin duba fasfo ya yi tsawo, ana tafiya taku ɗaya a tsaya. Yaron ya tafi neman keken marasa lafiya, don ya saba. Ni kuwa ina ta lissafin canjin da ya rage a aljihu, sai Hajiya ta taɓa ni ta ce, "Alhaji, ka san tun ɗazu a tsaye kake?" Na duba ƙafafuna. Babu zafin, babu mutuwar nan da ke gangarowa har diddige. Da keken ya iso na ce a kai wa mai buƙata. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska tana kuka a gaban mutane, ni ma da ƙyar na daure. Azumin da ya biyo baya a tsaye na yi tarawihi, kuma limaminmu ba ya gajarta karatu.

A nan da zan ce kowa ya je. To amma ɗan kamashon da ya haɗa mu da asibitin ya rantse cewa ciwo duka zai tafi. Ƙarya ne. Ciwon ƙugu yana nan, musamman da asuba a lokacin hunturu. Sai bayan an karɓi kuɗi likitan ke cewa ai ƙarfen don ciwon da ke sauka ƙafa aka yi shi. Me ya hana a faɗa tun farko?

Ga kuma takardar sallama: mako 6 ba sunkuyo, ba murɗa jiki, ba ɗaukar nauyi. Ba wanda ya tambaye ni yadda muke rayuwa. Masai na tsuguno, alwala a kan ɗan kututture, sujada sau biyar. Sai da muka kira mai famfo ya kafa masai na zama cikin gaggawa, salla kuma a kan kujera. Lambar da suka ce a kira in da matsala, saƙo biyu ta amsa ta yi shiru. Wani likitan ƙashi a nan ne ya ɗauki hoto ya tabbatar min ƙarfen bai goce ba, Allah Ya saka masa.

Ba kowa ake yi wa ba. Yayar Hajiya ta aika hotunanta aka ce ƙashinta ya yi laushi, tsinin zai iya tsagewa. Wanda ƙashinsa ya zame sosai shi ma ba a karɓa.

In ƙafa ce ke hana ka tafiya kuma sunkuyo na ba ka sauƙi, ka kai hotonka wurin likitan ƙashi ko na jijiya a gida kafin ka sayar da shinkafarka. In ƙugu ne kaɗai, riƙe kuɗinka.