Malwarebytes na kyauta ya cece ni daga yi wa kwamfutar gida fomat

Kwamfuta ɗaya gare mu a gida, HP ce mai Windows 10, kuma kowa da aikinsa a kanta. Ni nake ajiye sakamakon jarrabawar ɗalibaina, uwargida na da hotunan aikin Hajjinta, babbar 'yarmu kuma tana gwajin tambayoyin JAMB. Ranar wata Asabar ƙaninta ya sauko da wasan ƙwallo daga wani shafi da ya ce kyauta ne. Washegari da na kunna, sai ga wani allo ja mai hoton garkuwa, layi yana gudu kamar ana bincike, wai an gano bairos 37 kuma ana satar lambobin bankina. A ƙasa ga wurin saka lambar katin ATM, a biya da dala a goge su.

Gabana ya faɗi, don abin ya yi kama da na gaske ƙwarai. Abin da ya sa na tsaya shi ne, ban taɓa saka wannan manhaja da hannuna ba. Ina rufe ta tana dawowa. Na nemi buɗe Task Manager, inda ake tsayar da manhajar da ta ƙi rufuwa, ya buɗe ya rufe kafin in ƙifta ido. Microsoft Defender, maganin bairos da ke zuwa tare da Windows, kuwa an kashe shi. Ashe jan allon nan da ya zo da sunan gadi shi ne ɓarawon.

Na kai ta wajen wani mai gyara a kasuwa. Ko kunnawa bai gama ba ya ce, "Malam, wannan sai fomat." Na tambaye shi takarduna fa? Ya ce zai kwashe abin da ya samu. Na ɗauko kayata na dawo gida, raina ba daɗi.

Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta ne ya ce min a waya, "Kawu, kar ka bari a goge komai tukuna. Ka sauko da maganin bairos na Malwarebytes a wata kwamfutar, daga shafinsu na asali kawai, ka zuba a filash." Ya nanata maganar shafin asali, domin masu wannan zamba sukan kwaikwayi sunan magungunan gaske ma. Sannan ya bi da ni mataki-mataki: in danne Shift ina latsa Restart, in shiga Troubleshoot har zuwa Startup Settings, in zaɓi lamba 5, wato Safe Mode mai intanet. A nan Windows ba ya tayar da komai sai abin da ya zama dole, don haka allon nan ja bai samu damar fitowa ba. Karon farko ke nan cikin kwana biyu da na ga fuskar kwamfutar tsaf.

Sakawa ba ta ba ni wahala ba. Maɓalli ɗaya ne babba, Scan. Binciken ya ɗauki kusan minti arba'in, tsohuwar na'ura ce, ga shi an ɗauke wuta ina ta duban batir. Ya fito da abubuwa 19, kowanne da inda ya ɓuya. Abin da ya fi burge ni, ba ya goge su kai tsaye, killace su yake yi a gefe, ta yadda in ya kama wani abu mai amfani bisa kuskure za ka iya dawo da shi. Na killace duka, na sake kunnawa. Defender ya dawo aiki, takarduna suna nan, hotunan Arfa da Mina ko ɗaya bai ɓace ba. Uwargida ta daɗe tana hamdala.

Sai dai aikin bai ƙare nan ba. Ƙananan saƙonni sun ci gaba da leƙowa ta kusurwar dama, wai kariyata ta ƙare. Waɗannan ba manhaja ba ce, izini ne yaron ya bayar a Chrome lokacin da wani shafi ya ce ya latsa Allow. Da hannu na shiga saitin sanarwa na cire shafuka huɗu da ban san su ba. Na ƙara da AdwCleaner, ƙaramar manhaja ta kyauta da kamfanin Malwarebytes ya saya a 2016, ita ta share wasu tarkacen talla da suka maƙale a burauza. Daga nan na canja kalmomin sirri na imel da Facebook ta wayata.

Wannan damfara tsohuwa ce. A 2012 wata kotu a Amurka ta yanke tarar dala miliyan 163 a shari'ar masu magungunan bairos na bogi irin su WinFixer da XP Antivirus, waɗanda suka yaudari mutum fiye da miliyan ɗaya da irin wannan allo na tsoratarwa. Shi kansa Marcin Kleczynski, wanda ya kafa Malwarebytes a 2008, bairos ne ya kama kwamfutar gidansu yana matashi, daga nan ya shiga harkar. Da na ji haka sai na ƙara ganin ƙimar abin.

Mai son gwadawa ya san abu biyu. Na kyautar yana ba ka cikakkiyar kariya na 'yan kwanakin gwaji ne kawai, bayan nan ba ya gadi, sai ka kira shi ya yi bincike, kuma zai riƙa tuna maka akwai na kuɗi. Ni ban saya ba, Defender na gadi, shi kuma ina kunna shi duk Juma'a da yamma. Na biyu, babu Hausa a cikinsa, dattijon da bai saba da Turancin kwamfuta ba zai buƙaci wani a gefensa kamar yadda na samu.

Yaron kuwa na buɗe masa nasa asusun a kwamfutar, wanda ba ya iya saka komai sai na zo na sa kalmar sirri.