Moodle a ajinmu na yamma a Agege, da ranar da shafin ya koma fari fat

Jama'a da yawa sun sha tambayata wai wace manhaja muke amfani da ita a ɗan ajinmu na yamma nan Agege, musamman malaman islamiyya na Idi-Araba da Mile 12 da suke son su ma su fara saka darasi a intanet. Toh yau dai na samu wuta kuma yara sun yi barci, bari in zauna in faɗi abin da na sani tsakanina da Allah. Sunanta Moodle, kuma tun daga farko in za a ce in ba ta maki zan ba ta huɗu cikin biyar, ɗayan da na riƙe kuwa za ku ji dalili.

Mu ajinmu na manya ne, ba yara ba. Direbobi ne da masu gadi da 'yan tumatir na Mile 12 da mahauta na abatuwar Oko-Oba, sai matan aure da ba sa samun fita, ana koya musu tajwidi da Larabci da ɗan Turanci da lissafin kasuwa. Lokacin kullen korona na 2020 ne komai ya tsaya, sai wani ɗan yayata da yake karantar kwamfuta ya ce kawu akwai wata manhaja kyauta ce, jami'o'i ma da ita suke aiki, wani mutumin Ostireliya mai suna Martin Dougiamas ne ya ƙirƙiro ta tun 2002. Ya saya mana wajen ajiya a wani kamfanin hostin, ya ɗora Moodle 3.9 wadda a lokacin ita ce sabuwa dal, ya saka mata wani ado mai kore da ya samo a intanet don shafin ya yi kyau, ya rubuta min fasuwod a bayan kalanda. Daga nan ya tafi bautar ƙasa, daga can aiki ya riƙe shi a Arewa, mu kuma muka ci gaba da gashi babu wanda ya ƙara leƙa cikin injin.

Kuma gsky ta yi mana aiki. Abin da ya fi burge ni shi ne manhajar waya, mutum zai iya sauke darasi in ya samu netwok mai kyau ya karanta daga baya ko babu data, wani direbanmu a cikin cunkoson Oshodi yake yin rabin karatunsa. Jarrabawa kuma ita take maki da kanta, ni da a da nake kwana da jan biro. Ga shi ba kamar guruf ɗin WhatsApp ba inda darasin Litinin zai nutse ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure guda arba'in, a nan komai yana mako-mako a jere, ka san wanda ya buɗe da wanda bai buɗe ba.

Sai wata Asabar da safe, ana saura kwana biyu jarrabawar ƙarshen zango, na buɗe shafin sai fari fat. Babu rubutu babu eror babu komai, kamar an yi ruwa an ɗauke. Na ɗauka netwok ne na canza layi, na kashe waya na kunna, na ari laftof ɗin maƙwabci, duk kanwar ja ce. Kafin azahar kira ya fara shigowa, wani dattijo ɗalibinmu mai gadi a Ikeja ya ce "Malam lafiya kuwa? ko kuɗin makarantar ne ba a biya ba aka rufe mu?" Wallahi gumi ne ya karyo min, don duk makin mutane na shekaru yana ciki kuma ban taɓa ajiye kwafi ko sau ɗaya ba. Na rubuta wa masu hostin ɗin suka amsa da cewa sabarsu, wato babbar kwamfutar da shafinmu yake zaune a kai, lafiya lau take, in tuntuɓi mai haɗa min shafi. Shi kuma ɗan yayar tawa yana wani ƙauye wayarsa ba ta shiga.

Wani abokina ɗan canji ne ya haɗa ni da wani matashi ɗan Idi-Araba da yake da ɗan teburi a Computer Village, ya ce ba gyaran waya yake ba, harkar shafuka yake yi. Na hau danfo na sauka Ikeja Along na kutsa cikin wannan hayaniyar ta layin Otigba, masu jan riga suna ta oga me za ka saya, har na same shi a wani lungu a sama, fanka ɗaya janareta na ta ruri a ƙasa. Ya ce "Malam zauna, ba ni shigar hostin ɗin." Abu na farko da ya yi ya buɗe wani fayil mai suna config.php ya ƙara layi biyu don shafin ya daina ɓoye ciwonsa, ya sake lodawa, sai ga rubutu ya zubo a inda da yake fari. Ya karanta bai fi minti ɗaya ba ya yi dariya ya ce an canza muku PHP.

Bayanin da ya min shi ne ya sa na zauna rubuta wannan, don da na san shi tun farko da ban sha wannan wahalar ba. Ya ce Moodle ba ita kaɗai take tsaye ba, kamar tukunya ce a kan duwatsun murhu. Dutse ɗaya PHP, wato yaren da aka rubuta ta da shi wanda yake zaune a kan saba, na biyu rumbun bayanai inda sunaye da maki suke, na uku ƙarin kayan da mutum ya ɗora da kansa irin su ado da filogin. In aka ɗaga dutse ɗaya aka bar sauran, miya ta zube. Moodle 3.9 iyakarta PHP 7.4, shi kuma 7.4 ɗin masu shi sun daina kula da shi tun Nuwamban 2022, don haka kamfanin hostin ya tura kowa zuwa 8.1. Da muka bincika sai ga imel har biyu sun turo na gargaɗi, suna nan a akwatin ɗan yayata da babu mai buɗewa. Na so in zage su amma bakina ya mutu, rabin laifin namu ne.

Ni a tunanina sai kawai a ɗora sabuwar Moodle ta ƙarshe a wuce wajen, ya ce a'a Malam ba a tsallake, tsani ake bi. Daga 3.9 sai an taka 4.1, kuma daɗin 4.1 shi ne tana aiki da PHP 7.4 tana kuma aiki da 8.1, ita ce gadar. Sa'armu ɗaya masu hostin ɗin ba su goge 7.4 gaba ɗaya ba, akwai wajen zaɓa, ya mayar da mu kai sai ga shafinmu ya dawo da koren adonsa, na ce Alhamdulillahi na miƙe zan tafi ya ce zauna tukuna, tsugune ba ta ƙare ba. Ya kwafi abu uku ya zuba min a filashi: rumbun bayanan, da foldar moodledata inda duk sauti da takardun da aka ɗora suke, da foldar manhajar kanta. Ya ce duk wanda ya taɓa maka afdet bai yi wannan ba ka ƙwace laftof ɗinka. Sannan ya ba da shawara a bar komai haka a yi jarrabawa, ranar Alhamis in dawo a yi aikin a tsanake. Wannan kaɗai ya sa na yarda da shi, wani da a ranar zai barbaza komai don ya karɓi kuɗi.

Ranar Alhamis ɗin ne aka sha artabu. Koren adon nan namu ashe mai shi ya daina sabunta shi tuntuni, kuma daga Moodle 4.0 an sake fasalin shafi gaba ɗaya, don haka ba zai hau ba, dole muka koma Boost wanda yake zuwa da ita. Na ji ba daɗi har raina don mun saba, amma Boost ɗin ya fi sauƙin lodi a waya nesa ba kusa ba. Filogin ɗin ɗaukar sunan masu halarta an samu sabonsa, wani kuma na buga satifiket da aka ɗora tun farko ba mu taɓa amfani da shi ba aka cire. Da ya juya zuwa PHP 8.1 sai Moodle da kanta ta tsaya ta nuna ja a shafin binciken saba, wai wani saiti max_input_vars sai ya kai 5000, ya gyara ta wuce. A nan zan yaba mata, wannan shafin binciken yana jera maka komai kore da ja, ko ni da ban iya ba ina gane inda matsala take. Ya kuma gano wani abu da ake kira kuron, wanda ya kamata ya riƙa tashi duk minti ɗaya yana tura sanarwa da share tarkace, namu ya mutu ban san tun yaushe ba. Shi ya sa ashe saƙonni ba sa isa ga ɗalibai, ni kuwa ina ta yi musu faɗa wai ba sa duba imel, Allah ya yafe min.

Tunda na samu mai sani sai na zazzage masa duk tsofaffin ƙorafe-ƙorafe. Na farko sunaye. Duk lokacin da na loda jerin sababbin ɗalibai daga Excel, harufanmu masu lanƙwasa ƙ da ɗ da ɓ sai su koma alamar tambaya, Larabci kuma ya zama shirme. Shekara nawa ina bin su ɗaya bayan ɗaya ina gyarawa da hannu ina zargin Moodle ba ta san Hausa ba. Ashe wajen adana fayil ɗin ne, akwai CSV zalla akwai CSV UTF-8, na biyun ake zaɓa shi ke nan. Abin da ya ci min dare da yawa ya ƙare a kilik ɗaya, kunya ta kama ni.

Na biyu Opera Mini. Mutanenmu suna sonta don ba ta shan data, kuma ban ga laifinsu ba a wannan tsadar, amma ita yadda take tsimin shi ne sabarta ce take buɗe shafin ta matse shi sannan ta miƙo maka, to abubuwa masu motsi irin agogon jarrabawa da jawo amsa a ajiye a gurbi ba sa tafiya daidai. Yanzu doka ce a ajinmu, karatu da duk abin da ka ga dama, jarrabawa kuwa Chrome ko manhajar Moodle ta waya. Sai masu tsofaffin wayoyi da shafin yake ce musu ba amintacce ba ne, ya ce wasu kwanan watan wayar ne ya karkace bayan batir ya mutu, wasu kuma Android ɗinsu bai kai 7.1.1 ba don haka bai san takardar shaidar Let's Encrypt da muke amfani da ita ba, su sai su saka Firefox don ita da nata shaidun take tafe. Mun gwada a wayar wani mahauci ta yi.

Wanda har yanzu bai warware yadda nake so ba shi ne sauti, kuma shi ne makin da na riƙe, shi da cewa manhajar kyauta ce amma in ba ka da mai duba maka ita za ka biya da hawan jini. Ɗalibai suna naɗar karatunsu na tajwidi kai tsaye a shafi da wayar Android, Malamar da take sauraren na mata kuma tsohuwar iPhone gare ta, sai ta danna ya ƙi tashi, don nau'in fayil ɗin da Chrome yake naɗa ba kowace Safari, wato manhajar buɗe shafi ta iPhone, take karanta shi ba. Ta kira ni ta ce "Malam ni fa na gaji, in ba za a gyara ba su turo min ta WhatsApp kamar da." Maganin da muka samu na wucin gadi shi ne tana saurare a laftof ɗin makaranta, wanda yake nufin sai ta zo Agege daga Iyana-Ipaja sau biyu a mako. Haka hotunan asaimen da ake ɗauka da waya, wasu sun fi girman da saba take karɓa, shi ma sai da aka ɗaga iyakar a saitin PHP sannan aka ɗaga a Moodle, wuri biyu, in ka yi ɗaya ka bar ɗaya aikin banza ne. Akwai kuma wasu tsofaffin darussan Turanci da wani ya ba mu kyauta da aka yi su da wata tsohuwar manhaja mai suna Flash, waɗannan kam sun riga mu gidan gaskiya tun ƙarshen 2020, muna sake gina su kaɗan-kaɗan da H5P, wani abin haɗa darasi da yake cikin Moodle ɗin.

Kuɗin aikinsa bai tsauwala ba, ya ma rage da ya ji makarantar ta sa kai ce, sai dai ba ya ɗaukar waya da wuri, sai ka kira sau uku, kuma wajen nasa in ba a raka ka ba ba za ka gane shi ba. Mun yi da shi duk wata uku zai leƙa ya duba, imel ɗin hostin ɗin kuma na mayar da shi nawa. Ya ce mataki na gaba 4.5 ce, amma ita sai an ɗaga rumbun bayanan ma, don haka sai ya fara gwadawa a kwafi a laftof ɗinsa, mun tsayar bayan Sallah lokacin da rabin aji suka tafi gida. Shi kuwa dattijon nan mai gadi har yau ya ƙi rabuwa da Opera Mini, ranar jarrabawa sai ya ari wayar ɗansa, ya gama ya mayar.