Rauta mai zango biyu: kada yawan eriya ya ruɗe ka

Rauta ita ce na'urar da ke raba intanet ga wayoyi da kwamfutoci a gida. Mai zango biyu tana watsa Wi-Fi a kan 2.4 GHz da 5 GHz a lokaci guda. Zangon 2.4 ya fi ratsa bangon bulo da siminti, amma a cunkushe yake, domin tashoshi uku ne kawai a cikinsa ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, ga kuma Bluetooth yana aiki a nan. Zangon 5 ya fi sauri da yalwar tashoshi, sai dai ƙarfinsa yana raguwa da wuri idan bango ya gitta.

A cikin masu sauƙin kuɗi, TP-Link Archer C6 nake fifitawa. Alamar AC1200 da ke jikinta jimillar sauri ce ta 300 Mbps (megabit a daƙiƙa) a zangon 2.4 da 867 Mbps a zangon 5, wato 1167 da aka cike zuwa 1200, don haka babu wayar da za ta samu 1200 ita kaɗai. Abin da ya sa na riƙe ta shi ne tana iya karkata siginar 5 GHz zuwa wajen na'urar da ke amfani da ita, kuma ramukan kebul ɗinta na gigabit ne, wato 1000 Mbps, ba za su shaƙe saurin da eriya ta kawo ba. Archer C50 da Tenda AC6 ma AC1200 ne, amma ramukansu 100 Mbps suka tsaya. Archer AX23 tana da Wi-Fi 6, tsarin da ya fi na waɗancan sabunta, wanda sai wayarka ta san shi za ka ci moriyarsa.

Inda aka fi cutar mutane shi ne eriya. An taɓa sayar mini da wata rauta marar suna mai eriya shida, da aka buɗe ta sai ga biyu roba ce zalla, babu ko zaren waya a ciki. Mafi yawan wayoyin hannu eriya ɗaya ko biyu suke amfani da su wajen Wi-Fi, saboda haka yawan ƙahonni ba hujja ba ne. Haka kuma babbar lambar dBi, wato ma'aunin yadda eriya ke tattara sigina, ba ta ƙara wa rauta wuta. Shimfiɗa siginar take yi a kwance, mai gidan bene ya ga saman ya yi rauni. Kafin ka biya, a kunna ta a gabanka, ka tabbatar wayarka ta kama zangon 5 GHz, sannan ka duba ko lambar da ke ƙarƙashin rautar ta yi daidai da ta jikin kwali.