Turaren garehul da na saya a Wuse: ƙamshi akwai, zama babu

Ƙamshin dai ba ni da abin cewa a kansa. Da ka fesa, abin da zai fara bugun hancinka shi ne ɗacin ɓawon garehul, wato babban lemon nan mai ɗaci, kamar ka sa farce ka ɓare ɗanye ruwan ɓawon ya fantsamo maka. Ba shi da irin zaƙin nan mai hawa kai na turarukan lemo masu arha. A bayansa akwai ɗan yaji-yaji, can ƙasa kuma wani ƙamshin itace mai rauni da sai ka kai hancinka kusa za ka ji. Mu da muka taso cikin ud da almiski da Bintu Sudan na iyayenmu mata, ƙamshi mai sanyi irin wannan yakan wartsake mutum. Shi ya sa da mai shagon a kasuwar Wuse ya fesa min a bayan hannu ban daɗe ina ciniki ba.

Abin da ya faɗa min shi ne tushen ɓacin raina. Na tambaye shi ko yana zama a jiki, ya ce, "Alhaji, wannan in ka fesa da safe sai ka kwana da shi." Na sake tambaya, ya sake faɗa. Kuɗin kuwa kun san yadda kayan waje suka koma tun da dala ta tashi, ba sai na faɗa ba.

Na ajiye shi don ɗaurin auren 'yar yayana, wanda aka sa bayan sallar Juma'a a Gwarinpa, cikin watan Afrilu, lokacin da ruwa bai sauka sosai ba, garin Abuja kuma yana tafasa. Na sa sabuwar shadda, na fesa a wuya da ƙirji da hannun riga har da hula. Maiɗakina ta ce daga kicin ta jiyo ƙamshin. Na fito daga Kubwa raina fari ƙal. A babban titi muka tarar da cunkoso, rana na dukan gilashi, gumi na bin bayana. Kafin in shiga Gwarinpa na kai wuyan hannuna hanci, sai wani ɗan ɓurɓushi da na sha wahala kafin in gane shi.

Ni aka ɗora wa tarbar dangin ango. Duk wanda ya miƙo hannu ko ya rungume ni, ƙamshinsa sai ya riga shi isowa, wani ud, wani sandal, wani turaren wutar da aka turara wa babbar rigarsa tun daren jiya. Ana cikin haka Yaya ya ja ni gefe ya ce a hankali, "Ƙanena, yau ba ka sa turare ba ne? Je mota, akwai 'yar kwalbar ud a aljihun gaba, ka shafa." Wallahi maganar ta zauna min. Ba don ya faɗe ta da wata manufa ba, mutum ne mai lura, yana so iyalinsa su fita kunya a gaban surukai. Amma ka kashe kuɗi masu nauyi don rana guda, ranar ta zo, a ce ka je ka ari turare a mota.

Da yamma sai ga wani abin da ya fi wannan. Gefen wuyana inda udin bai taɓa ba, ragowar garehul ɗin ya haɗu da gumi ya koma wani tsami-tsami mara daɗi. Maiɗakina ce ta fara ji da na dawo, ta ce in shiga wanka kafin in zauna. Wannan halin garehul ne da kansa: cikin abubuwan da ke ba shi ƙamshinsa akwai wani sinadari mai farar wuta, kaɗan ƙwarai, wanda a jikin wasu mutane, musamman cikin zafi, yakan karkata zuwa warin zufa. Jikina yana cikinsu.

Na koma shagon da kwalbar a hannu. Ya saurare ni, ya juya kwalin ya nuna min rubutun, ya ce, "Ai Alhaji kolon ne, haka suke." To ranar da nake ƙirga maka kuɗi ba kolon ba ne? Gaskiya ne, a kwalin an rubuta Eau de Cologne, kuma irin wannan haɗi man ƙamshin da ke cikinsa bai cika wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100 ba, sauran sinadarin alkohol ne da ruwa. Wanda aka rubuta wa Eau de Parfum shi ke kaiwa kashi 15 zuwa 20. Shi kolon tun asali ma haka aka yi shi. Johann Maria Farina, ɗan Italiya da ya zauna a birnin Kolon na Jamus, shi ya fito da wannan salo a 1709 da man ɓawon lemuka, ruwa ne na wartsakewa da ake yawan maimaitawa. Ga shi man lemo, ko wane iri, yana cikin waɗanda suka fi saurin tashi a cikin mayukan da ake haɗa turare da su, zafi kuma ƙara masa gudu yake. Mai sayar da turare ya san wannan sarai. Da ya faɗa min tun farko, da na saya da sanina ko na bar masa abinsa.

Sai dai in za a yi adalci, turaren yana da wurinsa. Da safe bayan wanka, in zan wuce ofis in zauna cikin esi, yakan kai ni wajen ƙarfe goma sha ɗaya, kuma ba ya damun wanda ke kusa da ni yadda ud mai ƙarfi ke cika ƙaramin ɗaki. Da na je Jos cikin Disamba na ga wata fuskarsa daban. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,200, ga hunturu, babu gumi. Na fesa a rigar sanyi da hula, har la'asar ina jin ɗacin nan mai daɗi in na motsa, tsamin kuma bai fito ba ko kaɗan. A yadi ya fi zama fiye da a fata, in kuma ka shafa ɗan basilin mara ƙamshi kafin ka fesa yakan ƙara jimawa kaɗan. A Jos har na ji ina son sa kamar ranar da na fara shinshina shi, na ce mutanen Filato aka yi wa wannan turare.

Amma ni a Abuja nake zaune. Dawowata ke da wuya aka koma gidan jiya: fesa da safe, fesa da azahar, fesa kafin a tashi aiki, kwalba na bin ƙasa ina kallo. Turaren ɗuri da nake saya a kuɗin da bai kai rubu'in wannan ba yana kwana a hulata. Duk lokacin da na ɗaga kwalbar na ga inda ruwan ya tsaya, sai maganar mai shagon ta dawo min sabuwa.

Babbar kwalba ba zan sake saya ba. In na samu mai ɗura shi a ƙaramar kwalba zan riƙe ɗaya don safiyar ofis da tafiyar Jos. Wanda kuma yake da biki ko taro a zafin Abuja, ya ce a fesa masa a wuyan hannu, ya zaga kasuwar cikin rana na awa biyu, sannan ya dawo a yi maganar kuɗi.